Wanda Aka Yi Wa Shela

Makarantata ba ta wuce aji huɗu ba, amma akwai kalmar Turanci ɗaya da na iya ba tare da an doke ni ba: bandit. Rediyo na faɗinta, soja na faɗinta, yaran Ƙaura ma da ita suke zagin juna. Kwanan baya a teburin mai shayi na tambayi Malam Garba, tsohon hedimasta, daga ina ta fito. Ya ce Turawan Ingila ma aro suka yi daga Italiya, kuma tun farko ba ɓarawo take nufi ba. Mutum ne da aka yi wa shela a bainar jama'a cewa an kore shi, ba shi da gari, ba shi da dangi.

Na ajiye kofin ban shanye ba. Inna Tumba ta faɗa mana wannan tuni, ita da ba ta san ko bihim ba.

Kakata ce, uwar babana. A ƙauyenmu, tsakanin Ƙaura da Zurmi, in an ci tuwo sai ta tura karan dawa cikin murhu mu kewaye ta. Ni take kira mijin banza, don ban taɓa kawo mata ko goro ba. Ɗan baffana, wanda uwarsa Bafillatana ce, shi ne angonta, kullum kansa na bisa cinyarta.

Gatanarta guda ce ba ma so, ita kuma ta fi maimaitawa. Wani gari ne rijiya ta ƙafe, aka ɗora wa wani mutum laifin. Sanƙira ya zaga da shela: kada a ba shi ruwa, kada a ba shi wuta, kada a sake kiran sunansa. Ya shiga daji. Duk shekarar da ta wuce ba a ambace shi ba, sai wani abu na fuskarsa ya goge, kamar zanen ƙwaryar da ta sha wanki. Girar ido ta tafi, hanci ya tafi, sai idanu kawai, su ma in sun dubi mutum kututture suke gani. Da kaka ta yi, aka cika rumbuna, ya dawo da irinsa masu yawa. Uwarsa ta fito bakin danga ta tare shi, don ta san in ta kira shi zai tuna ko shi wane ne. Ta buɗe baki.

Nan Inna take yanke labarin, ta gyara wuta.

"To, sai mi?" in ji mu.

"Sai mi hwa? Ta laluba bakinta, sunan ba shi nan. Ita ma ta bi shelar da anka yi."

Ba ta rufewa da kan ɓera ko kan kusu. Sai ta kira mu ɗaya-ɗaya, kowa ya amsa. A ƙarshe ta juya wajen danga ta kira Na-Allah, yayanta da aka kora tun tana budurwa kan satar da ba a taɓa tabbatarwa ba. Matan gida su yi ta faɗa, ba a kiran suna in duhu ya shiga. Ta ce da su, "Ku kama bakinku, ɗan uwana na."

Sau ɗaya aka amsa. Muryar tsoho ce, ƙasa-ƙasa, daga cikin karan da ke bayan danga. Babana ya fita da fitila bai ga ko sawu ba. Inna ta ci gaba da ɓare gyaɗarta, ta ce, "Alhamdu lillahi, shina da bakin amsawa."

Ta rasu kafin tamu shelar. Da aka fara kwashe mana shanu, 'yan sa-kai suka tara mu ƙofar masallaci, suka ce duk mai jinin ruga ya bar gari kafin Juma'a. Ɗan baffana, mai 'ya'ya uku, wanda muka yi noma kunya da kunya, ya dube ni ya ce, "Yaya, gaya musu ka san ni."

Na dubi takalmina. Wannan shi ne abin da na yi, ba zan yi masa ado ba. Kafin Juma'ar ya bar gari, ya shiga daji.

Kada wani ya ce wanke 'yan bindigar daji nake. Sun ƙone rumbuna, sun kashe maƙwabcina a kan gado, su suka mai da ni mai tura baro a Ƙaura da furfurata. Da yawansu babu wanda ya kore su, son zuciya ne ya kai su. Nawa ɗan uwan dai na san korarsa aka yi.

Bara, a hanyar Moriki, da rana tsaka suka tare motarmu. Kowannensu ya naɗe fuska, sai idanu. Ɗaya ya tsaya a kaina, yana dogara ƙafar hagu yadda ɗan baffana ke yi tun da garma ta sare shi. Ya daɗe yana dubana kamar mai jiran wani abu. Ban kira sunansa ba. Ya tura ni da bakin bindiga cikin rami ya wuce, aka tafi da mutum biyar. Har yau ban sani ba, gane ni ya yi, ko kututture ya gani.

Tun daga ranar, in na idar da magariba sai in fuskanci katangar gidan hayar nan in kira shi. Matata ta ce zan jawo mana abin da ya fi ƙarfinmu. Ba a taɓa amsawa ba.

Shekaranjiya na buɗe baki, sai da na yi lalube. Sunan ya dawo, amma ya ɗauki lokaci. Shi ya sa na ari biro wurin 'yata, rubutun nawa duk a karkace, don in ajiye shi inda bakina ba zai iya yar da shi ba.

Manu. Sunansa Manu.