Amshin da Yaya Sule Ya Bari a Bakina

Ranar Talata ce, da kaka, a ƙauyenmu kusa da Rawayau, shekarar zaɓen da aka yi bayan tafiyar Turawa. Na idar da sallar asuba na durƙusa gaban dutsen niƙa.

Yayana Sule makaɗin kukuma ne. Ni nake ci da shi da sana'ar ƙuli-ƙuli tun da mijina ya rasu na dawo gida. Maƙwabta suna ce masa rago. Ban taɓa ganin wanda ya kawo masa tuwo a cikinsu ba.

Ga yadda yake waƙa. Zai ba ni amshi, in riƙa rerawa ina niƙa. Shi kuwa ya zauna a bakin ɗaki, ido rufe, kukuma a cinya, ba ya ko korar ƙuda. A cikin shirun nan yake ɗora baitoci. Ba ya furta ko ɗaya sai waƙa ta cika. Amshin wannan makon shi ne: "Gero ya nuna, mai gona bai dawo ba." Ranar Litinin ɗin ma ya ce mini saura kaɗan.

Da hantsi muka ji ƙugin babbar mota. Mota ba ta zuwa garinmu sai ranar kasuwa. Sai ihu daga wajen masallaci, sai ƙarar gora a kan ƙyaure. 'Yan bangar siyasa ne. Yaya ya taɓa yi wa ɗaya ɓangaren kiɗa a wani taro, kuma ba su manta ba.

"Ina makaɗin? Ku hito da shi!"

Danga ta faɗi. Yaya bai gama buɗe ido ba suka rufe shi. Na ji fashewar ƙoƙon kukuma kafin in ji tasa muryar. Ɗaya ya take masa hannun dama, wani ya sauke masa gora a ƙeya. Na riƙe rigar mai gorar, ya watsar da ni kan dutsen niƙa. Babu abin da na iya sai kallo.

Da suka juya kan rumbunan maƙwabta da wuta, na ja shi ta bayan gida muka shiga gonar dawa. Muka kwanta tsakanin kunyoyin gonar. Hayaƙi ya rufe rana. Ba a kira azahar ba ranar nan.

Da la'asar muka kama hanyar Dutsin-Ma ta cikin gonaki, yana rataye a kafaɗata. Wani Bafulatani ya gan mu, ya ɗora shi kan jakinsa bai tambaye mu komai ba. Kafin magariba muka isa gidan gwaggonmu.

Mai ɗori ya ɗaure hannun, ya warke a karkace. Magana ce ba ta dawo ba. Likita ya duba ya girgiza kai.

Na ari dutsen niƙa. Kullum da safe in zaunar da shi a bakin ɗaki, in durƙusa in ɗauki amshin. Yakan rufe ido kamar da. Wani lokaci leɓensa ya motsa, in tsayar da niƙa in kasa kunne. Ba komai.

Damina biyu muka yi a haka, ya rasu.

An ƙone rumbu bakwai a garinmu, an sake gina su. Waƙar Yaya ban san baitinta nawa ba. Amshin kawai gare ni, kuma har yau idan na kai ƙarshensa nakan ɗan dakata.