Direban da Ya Jira Hannun Yayana

Da hantsi yake zuwa. Za ka ji jarka biyu suna gugar ƙofar gida kafin ka ga mai su, sannan sallamarsa ta biyo baya a hankali kamar mai tsoron tada jariri. Ya cire takalmi a bakin falo, ya gaishe ni, ya wuce ɗakin yayana ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?" Ba ya miƙewa sai ya ga hannun Yaya na dama ya motsa. Daga nan ya wanke hannuwansa har gwiwar hannu ba tare da sabulu ba, ya turo keken Yaya zuwa gaban tankin kifi, ya gyara masa filo a ƙarƙashin kafaɗar da ta mutu, sannan aiki ya fara.

Baba Sannu ke nan, direban yayana tun yaran gidan suna zuwa makaranta da kwandon abinci. Yaya ne ya laƙaba masa sunan, don a kan titi har mai keke yana iya wuce shi. In an tsokane shi sai ya ce sannu ba ta hana zuwa, Yaya kuma ya ƙarasa masa da cewa sai dai a daɗe ba a je ba. Ni ƙanwar maigidan ce, na dawo gidan don jinya tun da matarsa ta riga mu gidan gaskiya, shi kuma ciwo ya kwantar da shi. Abin da zan faɗa a nan da idona na gani, kuma ba zan ɓoye ba, raina a ɓace yake.

Yayana mutum ne mai son a tambaye shi. A wurin aikinsa da gidansa ko labule ba a canzawa sai ya ce to. Abin da ya fi so bayan 'ya'yansa shi ne wani tankin gilashi da ya cinye rabin bangon falo, cike da ruwan gishiri irin na teku. A ciki akwai duwatsu, da ƙananan kifaye masu launi, da murjani mai rai, wanda in ka gan shi za ka rantse fure ne, alhali dabba ce mai ci da sha. Shi yake haɗa ruwan da hannunsa, shi yake auna gishirin. Aikin Baba Sannu a lokacin ɗauko jarkokin ruwa ne kawai, kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa ba. Ya sha ce mini, "Gwaggo, kifin da ba a ci, mene ne amfaninsa in ba wahalar da bayan direba ba?"

Da shanyewar ɓarin jiki ta kama Yaya, baki ya tafi, ƙafa ta tafi, hannun hagu ya tafi. Hannun dama ne kaɗai ya rage, shi ma sai ya ga dama. In Yaya yana nufin e, yakan ɗaga yatsa. In a'a ne, sai ya kife tafin hannu a kan hannun keken. Amma kafin saƙon ya taso daga kansa ya iso yatsan, mai gaggawa ya riga ya kai bakin ƙofa. 'Ya'yansa kuwa duk masu gaggawa ne. Su shigo da turarensu da makullin mota a hannu, su yi magana ta saman kansa kamar kujera ce a tsakaninsu, su ce "Allah ya ƙara sauƙi, Baba," su fice. Babban ɗansa, wanda duk gidan ke kira Manaja, ya sayar da motar, ya ce wa Baba Sannu ya je ya huta.

Tankin kuma ya zama marayan da ba mai nema. Gansakuka ta rufe gilashin har ba ka ganin ciki. Injin da ke juya ruwan ya tsaya, gishiri ya bushe ya yi fari a gefe-gefe, ruwa ya ja baya. Murjanin ya koɗe ya zama kamar ƙashi. Falo ya fara wari, sai aka rufa wa tankin tsohon zanin gado, aka daina zama a wurin. In na turo Yaya ta nan zuwa tsakar gida, sai ya runtse ido har mu wuce.

Wata rana Baba Sannu ya zo gaisuwa, ya ɗaga zanin ya leƙa. Kifi biyu ya gani da rai, irin masu ruwan lemo da farar ɗamara, suna laɓe a bayan dutse. Bai ce wa kowa komai ba. Washegari ya dawo da jarkoki da tiyo, ya zage ya kwashe ruwan kaf, ya kankare gilashi, ya zuba sabon ruwa, yana murna zai ba maigida mamaki. Kafin la'asar ɗaya daga cikin kifayen ya kife ciki sama. Ashe abin da ya daɗe cikin ƙazanta, in ka juye masa duniyarsa lokaci guda, tsabtar ce take kashe shi. Da aka turo Yaya ya gani, hawaye ya bi ta gefen bakinsa da ya karkace. Baba Sannu ya tsuguna a gabansa ya ce, "Na yi laifi, ranka ya daɗe. Na taɓa kayanka ban tambaye ka ba. Daga yau ko tsakuwa ba zan ɗaga ba sai ka ce."

Ya kuwa cika alkawari. Ba ilimin kifi gare shi ba, ya sani, mu ma mun sani. Abin da yake da shi shi ne jira. Sai ya riƙe tiyo ya juyo ya ce, "Rabin ruwan zan kwashe?" Ya tsaya. Ni da ke kallo har na ƙosa in ce malam ka yi abin da za ka yi, sai can tafin hannu ya kife. "Ƙasa da rabi?" Ya sake kifewa. "Jarka ɗaya ta isa?" Sai yatsa ya ɗago. Haka suka bi duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya, yana goge su da tsohon buroshin haƙori a cikin ruwan tankin. Haka aka gyara inji, aka canza fitila, aka kawo dodon koɗi su cinye gansakuka. Ranar da ya ɗauko ruwan gishiri zai cike gurbin wanda ya ƙafe, Yaya ya buga tafinsa da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Baba Sannu ya dafa goshi ya ce, "Ai kuwa ka taɓa faɗa mini a mota. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan." Ya koma ya ɗebo ruwa zalla. Ranar na ji wani sauti ya fito daga maƙogwaron Yaya wanda na tabbata dariya ce.

Kai ne ka mayar wa yayana da girmansa, Baba Sannu. A gidan da ake yanke masa abin da zai ci, da rigar da zai sa, da lokacin da za a juya shi a gado, kai kaɗai kake tsayawa a gabansa da aiki a hannu kana jiran izini. Bayanka da kake kuka da shi tun kana da ƙarfi, da shi ka yi ta hawa motar haya da jarka biyu, ba wanda ya aike ka. Likitar da ke gasa wa Yaya jiki ta faɗa a gabana cewa hannun nan ya fi saurin amsawa a falo fiye da a gadon asibiti. Maƙwabcinmu tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofarmu, ya ce da kai yake gane hantsi ya yi.

Watanni suka shuɗe ba a ga komai ba sai ruwa mai haske da fararen duwatsu. Sannan wata safiya Yaya ya ƙi yarda a juya kekensa. Ya kafe ido a wani lungu. Baba Sannu ya manna fuska a gilashi ya duba, ya ce, "Gwaggo, zo ki ga ikon Allah." Wani ɗan kore ne bai kai farce ba, a jikin murjanin da muka daɗe da yi wa ta'aziyya. Daga shi abu ya yi ta yaɗuwa. Aka samo wa kifin da ya rage abokin zama, bayan an kai wa Yaya hotuna a waya ya zaɓa da yatsansa. Kafin shekara ta zagayo falon ya koma wurin zama. Yaya yana wuni a nan, yana cin abincinsa ba gardama, in dai keken na fuskantar gilashi.

An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A gidanmu ya zama. Manaja ya shigo wata rana, mutumin da lokacin wari yake toshe hanci ya bi ta ƙofar baya, ya tsaya ya zagaya tankin yana ɗaukar hoto. Ya ce, "Gwaggo, wannan ai asara ce a nan. Wa ke gani?"

Na ce, "Mai shi ke gani."

Bai ko kalle ni ba. Ya sunkuya kan ubansa ya ce, "Baba, zan mayar da shi ofishina, can wuta ba ta ɗaukewa, kuma manyan baƙi za su gani. Ai ka yarda ko?" Bai rufe baki ba wayarsa ta yi ƙara. Ya miƙe yana cewa, "Madalla, ya yarda." Yana kaiwa bakin ƙofa tafin hannun Yaya ya kife.

Baba Sannu ya bi shi har mota ba takalmi. Ina tsaye a baranda na ji ya ce, "Manaja, ka yi haƙuri. Maigida ya ce a'a."

Manaja, yaron da ya taɓa goyawa a kafaɗa ya tsallaka da shi kwata lokacin damina, ya dube shi ya ce, "Baba Sannu, ina ganin girmanka. Baba bai ce komai ba tun da ya kwanta. Kada ka riƙa sa masa magana a baki."

Na yi faɗa, na kira sauran 'yan'uwansa a waya. Wannan ta ce kada in tada hankalin gida a kan kifi, wancan ya ce Manaja ne babba. Baba Sannu ya ce shi kam hannunsa ba zai shiga ba. Manaja ya ce ba damuwa, akwai 'yan dako. Ranar da suka iso da motar kaya, na ga ɗayansu ya tara bokiti a famfon tsakar gida, wai a ciki za su zuba kifin da duwatsun. Baba Sannu ma ya gani. Ya shiga falo ya durƙusa gaban keke ya ce, "Ranka ya daɗe, in na bar musu, kafin su kai titi komai ya mutu. In na ɗauka da hannuna zai rayu, amma ba a nan ba. In ɗauka?"

'Yan dako na ƙorafi a waje, direban motar na danna ham. Shi kuwa bai motsa ba. Ban taɓa ganin hannun Yaya ya daɗe haka ba. Daga ƙarshe yatsan ya ɗago. Baba Sannu ya kwashe abin da ya raya, dutse bayan dutse, kowanne a cikin ruwansa, ya zauna a bayan motar yana rungume da bokitin kifi. Ko ɗaya bai mutu ba.

Yanzu tankin yana ɗakin karɓar baƙi a ofishin Manaja. An ce duk wanda ya shiga sai ya yaba masa iya zaɓe, shi kuma ya yi murmushi ya ce abin yana son kulawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Baba Sannu ne yake zuwa can ya kula da shi, ta ƙofar baya, masu gadi suna kiransa mai wankin tanki. A falonmu kuwa babu komai sai shatin da ya bari a bango, inda fenti ya fi na gefensa haske. Tun ranar yayana bai sake ɗaga yatsa ba, bai sake kife tafi ba. Likita ya duba ya ce babu wani sabon abu da ya same shi. Ni na san abin da ya same shi.

Na gode, Baba Sannu. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar bayan nan, ya ba ka masu jiranka ranar da kai ma bakinka ya yi nauyi. Gidanmu bai biya ka ba, kuma ba zai iya ba. Ku kuma masu karatu, in akwai wanda ciwo ko tsufa ya ɗaure wa harshe a gidanku, ba na ce ku sayi tanki ba. Ku tambaye shi, sannan ku ajiye makullin motar ku zauna har ya amsa, ko da amsar ba ita kuke so ba.

Jiya ma ya zo da hantsi, daga ofishin kai tsaye, hannun rigarsa a jiƙe. Ya durƙusa ya ba da labari, koren nan ya hau dutsen kusa da shi, kifin ya yi ƙiba. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, fitilar ta fara dushewa. In sa a canza?" Na kai masa ruwa, na je na idar da aikina a kicin, na dawo. Ruwan yana inda na ajiye shi, shi kuma yana nan a durƙushe, idonsa a kan hannun.