Hannun da Nasiru Ya Ɗaga Mana

Ban taɓa mantawa da ranar da garinmu ya bi mai gudu ba. Lokacin ina mataimakin kwamandan 'yan sintiri a wani ƙauye kusa da Makoda. Kaka ce, an shanya gyaɗa a gonaki, ɓarayi kuma sun addabi mutane, kowa a wuya yake.

Ku sababbin shiga aikin sintiri, ƙa'idarmu ita ce idan aka yi ihun ɓarawo, mu riga jama'a isa gare shi, mu kewaye shi, mu kai shi gaban mai unguwa, shi zai kira 'yan sanda.

Da hantsi muka ji ihu. Wani saurayi ne da gajeren wando yake sheƙa gudu ta hanyar gonaki. A wajenmu babba ba ya gudu sai da dalili, don haka kowa ya ɗauki sanda. Kwamanda ya ce in tare shi da babur, amma yashi ya riƙe ni. Abin da ya ƙara tunzura mutane, da ya waiwayo ya ga taro sai ya yi murmushi ya ɗaga musu hannu. Aka ce raini ne.

Malam Iliya, wanda aka kwashe wa gyaɗa, shi ya ɓullo masa ta gaba, ya sauke masa gora a gwiwa. Ina isowa na faɗa kan saurayin na kare shi. Malam Iliya ya juyo fuskar yaron, sai gorar ta suɓuce daga hannunsa.

"Kawu, ni ne," in ji yaron.

Nasiru ne, ɗan ƙanwarsa, daga unguwar Bacirawa ta cikin birni ya sauka da safen. Atisaye yake yi don gasar gudun fanfalaki ta Legas, wadda ya taɓa shiga. Iyafis ne a kunnensa yana sauraron waƙa, bai ji ana kiran ɓarawo ba. A asibiti ya gaya mini can haka ake yi, mutane su yi ta ihu suna bin mai gudu don ƙarfafa masa gwiwa. Ya ɗauka murna muke yi masa.

Gwiwar ba ta koma daidai ba, bai sake gudu ba. Na bincika, ba wanda ya gan shi da ko ƙwayar gyaɗa.

Tun ranar, duk wanda ya zo mini da ihu, ba na tambayarsa ina ɓarawon ya nufa. Sai na fara tambayarsa me ya ɗauka.