Ɓera Marar Wutsiya

Duk wanda ya taɓa bin layin nan ya san shagon Baba Mai Hoto, tsakanin shagon Tela da na mai gyaran fanka. Ɗan ɗaki ne da shuɗin labule da ake tsayawa a gabansa, da madubi mai tsaga a gefe, da benci wanda ƙafarsa ɗaya take kan bulo tun kafin a haifi autarsa. A zamaninsa babu gidan da hoton Baba bai shiga ba. Da wayoyi suka zo kowa ya zama mai hoton kansa, abokan sana'arsa suka yi ta rufe shago ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa taurin kai ya hana shi. Ya sayo kwamfuta 'yar gwanjo, ya zauna da furfurarsa ya koyi gyaran tsofaffin hotuna. Kawo masa hoton kakanka da gara ta ci rabi, ya mayar maka da shi kamar jiya aka wanko.

Abin nan da ake turawa a kan tebur kibiya ta motsa a allo, wanda yara ke cewa maus, Baba bai taɓa kiransa komai ba sai ɓera. Nasa wani ƙato ne mai nauyi, da doguwar waya a gindi, farinsa ya koma ruwan ƙasa, har yatsan Baba ya yi masa ɗan rami a bisa. Kullum da safe kafin shayi sai ya kifa shi, ya murɗe murfin cikin, ya zaro ƙwallon roba ya goge a gefen riga, ya sa tsinken ashana ya kankare dauɗa, ya hura, ya mayar. Tela yakan leƙo ya ce, "Wallahi ko jariri ba a yi masa wankan da kake yi wa abin nan." Baba ya ce, "Jaririn ya taɓa ciyar da kai?"

A kan ɓeran nan Auta ta koyi aiki, tana kan cinyarsa, hannunsa rufe da nata. "Kada ki danne shi, 'yar nan, ba gudu zai yi ba." Yanzu ta girma, ita ke riƙe da shagon, Baba kuma yana kujerarsa ta lungu yana gyare-gyarensa.

Akwai hoto ɗaya da ba na kowa ba ne sai nasa. Innar yara, Allah ya jiƙanta, matar mai hoto ce amma ta tsani kyamara kamar me. Ka ɗaga sai ta rufe fuska da gyale tana faɗa. Sau ɗaya tak ya same ta, tana shanya a tsakar gida, ya kira ta ta waiwayo tana dariya. Ta rasu Auta ba ta yi wayo ba. Hoton ya zauna a bangon ɗaki har wata damina da rufi ya yi yoyo, ruwa ya cinye gefen fuskar. Baba ya sa shi a kwamfuta, yana gyarawa kaɗan-kaɗan in babu aiki. Ya gama gyale, ya gama kumatu da haɓa. Idon hagu kawai ya rage, ya yi ta ja masa rai don ya fi komai wuya.

Sai ga ranar da wuta ta dawo da ƙarfi. Ji kake fat, ƙauri ya cika shago. Mai gyara ya ceto hotunan da ke ciki, amma ya ce kwamfutar ta yi nata, ɓeran ma ya bi ta. Auta ta kawo sabuwa, siririya, fara tas, da ɓeranta.

Baba ya ɗaga sabon ɓeran ya jujjuya. Kamar guntun sabulun da ya kusa ƙarewa. Babu waya, babu maɓalli, babu ƙwallo.

"Ina wutsiyarsa?"

"Ba shi da ita, Baba."

"To ina ake dannawa?"

"Ko'ina."

"Ko'ina! Ai shi ke nan, an gama da mu."

Kai, an sha kallo a shagon nan. Ya ɗora hannu, kibiya ta yi tsalle ta ɓace a kusurwa. Yatsansa ya ɗan goga bayan abin, hoto ya zame ya tafi. Ya ɗaga shi ya buga a tebur yadda ya saba yi wa tsohon in ya yi gardama, Auta ta dafe ƙirji. Da safe hannunsa yakan kifa shi da kansa yana neman murfin da babu, sai ya tsaya da tsinken ashana a hannu, ya rasa inda zai sa. Wannan ya fi komai ba shi haushi, kuma gaskiya ya ba shi kewa.

A hankali ya gane inda ake taɓawa da inda ba a taɓawa. Abu ɗaya ne ya ƙi. Duk lokacin da ya matso da hoto kusa zai ja layi, sai kibiya ta kama rawa. Ya ce ɓeran ne ba shi da nauyi. Tela ya ba shi wani noti na tsohon keken ɗinkinsa, ya manna a bisa da salatif. Rawa ba ta daina ba. Ya ce tebur ne ke da santsi, ya shimfiɗa bangon tsohon albam. Auta ta rage wa kibiyar gudu. Duk a banza. Hoton wani tsohon soja da aka kawo, Baba ya ja masa gashin baki ya fito a karkace, Auta ta gyara a ɓoye bayan ya fita alwala.

Hoton Inna kuwa Baba ya ƙi ko buɗe shi. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada ya ɓata fuskar da ruwa ma ya bar masa rabi.

Auta ta so ta sauƙaƙa masa. Ta kwafi idon dama ta juya shi ta ɗora a hagu, aiki mai kyau, babu wanda zai gane. Ta kira shi ya gani. Ya duba ya daɗe.

"Wace ce wannan?"

"Haba Baba."

"Ba uwarki ba ce. Uwarki in ta yi dariya idon hagu ya fi na dama rufewa. Cire."

Ta cire, ranta a ɓace. Ita ina ta san wannan? Ba ta da komai na fuskar uwarta sai hoton nan da ruwa ya ci.

Ya ja kujera ya zauna da zuciya, ya kama ɓeran, ya matso da gurbin idon har ya cika allo. Kibiya ta shiga rawarta. Ya danne da ƙarfi, ta ƙara. Ya yi tsaki ya ture abin gabanta. "Riƙe ki ga irin shegen da kika sayo."

Ta riƙe. Kibiya ta tsaya cak, ko motsi.

Baba ya ɗaga hannunsa na dama ya shimfiɗa a iska yana kallo. Yatsun suna karkarwa su kaɗai. Ashe tsohon ɓera da nauyinsa da ƙwallonsa mai nawa shi ke rufa masa asiri, shi ke shanye rawar kafin ta kai allo.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da na daina cika maka kofin shayi."

Ya tuna. An daɗe kuwa, har ya sha yi mata gorin rowa. Hannun da ya ciyar da gida, ya aurar da yayyenta. Ya ji kamar ya fashe da kuka a gaban 'yar cikinsa, ya haɗiye.

"To shi ke nan," ya ce. "Rufe kwamfutar."

Auta ba ta rufe ba. Ta zagayo ta bayansa, ta ɗauki hannunsa ta ɗora a kan ɓeran, ta rufe shi da nata. Kibiya ta natsu.

"Kai ka san idon, ni ban sani ba. Ja mu je." Da ta ji ya ƙanƙame abin sai ta ce, "Kada ka danne shi, Baba, ba gudu zai yi ba."

"Ji 'yar banza, da maganata."

Suka fara. Shi ke ja, ita ke tokarewa. Fatar ido ta sama ta fito, gira ta fito. Da suka zo gefen idon, wurin da yake tattarewa, sai hannunsa ya tsaya. Ya rufe nasa idon yana nema a zuciya, abin ya ƙi zuwa sarai. Shekaru sun yi yawa. Don ya ɓoye, sai ya kama faɗa, wai nauyin hannunta kamar na mai kirɓa ƙasa, wai noti ya fi ta amfani. Ta tuntsire da dariya. Ya ɗago zai ƙara mata, idonsa ya faɗa kan madubin nan mai tsaga, ya ga fuskarta a bisa kafaɗarsa. Idon hagu ya kusa rufewa, na dama a buɗe.

"Tsaya haka," ya ce. "Kada ki motsa."

Yana kallon madubi yana ja, tana riƙe da hannunsa, dariyar na neman koma mata kuka. Da suka gama ya zare hannu ya ɗora a cinya, ya bar shi ya yi ta rawarsa.

"Ga uwarki nan," ya ce.

Auta ta matso da fuska har ta kusa taɓa allon. "Sannu, Inna," ta ce.