Kitsen da Hannu Ba Ya Taɓawa

Damina tara ke nan da muka kai ƙanina Lawal makwancinsa a Daura, har yau kuwa ban daina jin haushin yadda ya tafi ba.

Ni fataucin shanu na gada. Shi aka tura boko, ya ƙare a jami'a yana kiwon fararen ɓeraye har su tsufa, yana auna jininsu. In ya zo gida sai in ce, "Malam, yaya garken naka? Sun isa kaiwa kasuwar kara?" Ya yi dariya kawai.

Wata rana ya zaunar da ni. Ya ce, "Yaya, kai da hannu kake gane kitse, ka matsa haƙarƙarin sa ka faɗi darajarsa. To akwai wanda hannu ba ya taɓawa, a cikin jini yake. Abinci ɗaya nake ba ɓerayen nan, amma in sun tsufa sai ya ƙaru a jininsu. Mu ma ba mu tsira ba." Na ce ai mu 'yan gidanmu sirara ne kamar karan dawa, ina kitse zai maƙale?

Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna jinin ɓera bai auna nasa ba. Yana alwalar la'asar ya dafe ƙirji ya faɗi, ko hamsin bai cika ba. Likita ya ce hanyar jinin zuciya ce ta toshe.

Da zai leƙo yau, me zai gani? Abokan cinikina biyu suna kwance, ɓarin jiki ya shanye, ana ta turare wai iska ce ta buge su. Wanda ya yi teɓa kuwa har yanzu barka muke yi masa. Wallahi da ransa ya ɓaci.

'Ya'yansa mata uku suna hannuna, ƙaramar ba ta gama sakandare ba. Saboda su na je aka auna ni bara, aka ce kitsen jinina ma ya hau. Yanzu kullum sai na haɗiyi ƙwayar magani, in an miƙo mini tozo a kara in ture, ana yi mini dariya.

Abin da ya bar mini ke nan: yaran nan, da tsoro. Mutuwa dai dole ce. Abin da nake roƙon Allah kada in kwanta, marayun da aka bar mini su koma masu juya ni a tabarma.

Allah ya jiƙanka, Lawal.