Mai Gyaran Tafinta a Tashar Illela

A tashar Illela, gefen rumfar cajin waya, wata budurwa na zaune bisa buhun albasa, kwamfuta a cinya, mayafi ya zame ba ta ma sani ba. Siririya ce, kamar sun yi faɗa da tuwo. Ƙila 'yar jami'ar Sakkwato ce ta zo ganin gida. Tana cizon leɓe, tana hararar kwamfutar kamar ta zagi uwarta.

Mero mai fura ta leƙo. "Ɗiyata, mi kike nema cikin abin ga?"

"Tafinta nike gyara, Inna. Masu haɗa manhaja su rubuta, shi ya fassara wa na'ura. Tun damina nike ƙara mai sauri, ya kuwa yi. Sai ga shi ya daina gane rubutun mutanen da can."

"To, su sake rubutawa mana!"

"Wasu sun rasu, amma har yau asibitoci na aiki da abin da sunka bari."

Budurwar ta sake duban kwamfutar. Can ta runtse ido, ta goge aikin nata kaf.

Mero ta turo mata ƙwarya. "Sha, ki soma sabo. Ki dai koya mai jin maganar tsofaffi tukun."