Wayar Gwaggo Rediyo da Sabulu Mai Zane

Gwaggona, ƙanwar babanmu, Rediyo ake ce mata, kuma wallahi ba a zalunce ta ba. Tun ban iya ɗaura zani ba take juya sabulu a wani ɗan kamfani da ke bayan gareji. Ni ma yanzu can nake, ina naɗe sabulun a leda.

Aikinta ba wuya. A zuba ruwan soda cikin mai, ta yi ta juyawa da muciya har ya fara kauri, a tsiyaya kala shuɗi da ja, ta ci gaba. To nan ne matsalar. Gwaggo ba ta iya gulma tana aiki ba. Waya na ƙara sai ta saki muciya, ta riƙe ƙugu: "Ke don Allah! Ya sake ta?" Kafin ta dawo haɗin ya kama jikinsa, kala ta tsaya inda aka bar ta, layi-layi, a murɗe kamar hayaƙi. Haka ake juye shi a mazubi. Shi ne sabulunmu mai zane da ake rububi.

Oga, mai kamfanin, bai san haka ba, shi dai malalaciya yake gani. Ya ce ƙarshen wata ta nemi wani wurin, ya kawo matar ƙaninsa. Gwaggo ta yi tsit. Ranar na fara sanin fankar ɗakin nan tana ƙara.

Sabuwar kuwa ba waya, ba dariya, sai juyi kamar sabulun ya zagi uwarta. Shuɗi da ja suka haɗe tas. Da aka yanka, kalar ruwan kwata. Mai shagon da ke ɗibar kayanmu ta ɗaga ɗaya ta ce, "Oga, wannan na wanka ne ko na toshe rami?"

Oga ya nemo Gwaggo. "Hajiya, meye sirrin?"

"Baiwa ce," in ji ta, alhali ita ma ba ta sani ba.

Na ce, "Wace baiwa? Gulma ce ke ƙwace mata muciya!" Ta jefe ni da silifa.

An dai mayar da ita kan bokitinta. Amma fa ba kullum aure ke mutuwa a unguwa ba, wata rana wayar shiru. Shi ya sa yanzu da an zuba kala, Oga da kansa ke kiranta daga ofis. In labarinsa ba daɗi, kashewa take ta ɗauki muciya.

Jiya na jiyo shi yana raɗa, "Hajiya, kin san direbanmu na son mai shago?"

Sabulun jiya ya yi kyau ba kaɗan ba.